Gudun Fanfalaki Don Taimako: Ƙafa Muna Da Ita, Ina Littafin Lissafi?

A garuruwanmu na kudancin Damagaram, in aka hangi magidanci ya fito da asussuba yana sheƙa gudu a gefen hanyar mota, babu ɓarawo a gabansa, babu kare a bayansa, abin da za a fara tambaya shi ne ko lafiya. Wasu su ce motsuwa ce ta same shi, wasu su ce ƙoshi ne ya yi masa yawa. Ni ma a kan wannan ra'ayi na tashi, kuma ban ga laifin wanda har yanzu yake kansa ba, domin mutumin da ya wuni sunkuye da hauya, ko ya tako daga Kwaya zuwa kasuwar Magarya yana kora jakinsa, ba ya bukatar wani ya zo ya koya masa motsa jini. Sai dai akwai wani irin gudu da Turawa suka mayar hanyar tara kuɗin taimako, na daɗe ina nazarinsa, har na kai ga ganin cewa a cikinsa akwai darasin da 'yan kasuwarmu da ma'aikatanmu suka fi kowa bukata. Darasin ya shafi amana da kuɗin jama'a fiye da yadda ya shafi ƙafa.

Gudun fanfalaki, wanda wasu ke kira gudun ya-da-ƙanin-wani, tsawonsa kilomita 42 ne da mita 195, wato kusan rabin hanyar Magarya zuwa Damagaram. A birnin Landan na Ingila an fara yin sa kowace shekara tun ranar 29 ga Maris 1981, bisa jagorancin wasu tsofaffin 'yan tsere biyu, Chris Brasher da John Disley. Gwanayen Kenya da Habasha ne ke cinye kyaututtuka, amma su 'yan ƙalilan ne. Sauran dubban mutanen malaman makaranta ne da akawuna da masu kanti da tsofaffi, waɗanda ba su da wani fata na zuwa na ɗaya. Da yawansu tun watanni kafin ranar sukan sanar da dangi da abokan aiki cewa za su yi gudun ne domin wani asibiti, ko gidan marayu, ko binciken wata cuta da ta kashe musu ɗan'uwa, kowa ya ba da abin da ya sawwaƙa. A shekarar 2024 an tara fam miliyan 73.5 ta wannan hanya. A 2025 an tara fam miliyan 87.3, abin da ya haura miliyar 60 na kuɗin sefa, a gudun yini guda.

Me ya sa mutum zai ciro kuɗi daga aljihunsa don kawai maƙwabcinsa zai yi gudu? Amsar tana cikin watanni huɗun da ke gaban ranar. Babu mai tashi daga kan kujerar ofis ya ci kilomita 42. Wanda ya gwada, tun bai yi nisa ba zai gane shayi ruwa ne. Masu horarwa sukan tsara mako 16 zuwa 20: gudu kwana huɗu ko biyar a mako, da doguwar fita sau ɗaya wadda ake ƙara mata tsawo sannu a hankali har ta kai kilomita 30 ko 32, sannan a sassauta a makonni biyu ko uku na ƙarshe domin jiki ya murmure. Duk da wannan shiri, yawancin masu gudu in sun kai wajen kilomita 30 zuwa 35 sukan ji ƙafa ta mutu, domin abincin da jiki ya adana a tsoka da hanta ya ƙare, sauran tafiyar zuciya ce ke yin ta. To, wannan wahala ba a ɓoye take ba. Maƙwabci yana ganin fitarsa kullum da asuba, abokin aiki yana ganin yana ɗingishi ranar Litinin. Mai gudun ya jinginar da jikinsa da sunansa a bainar jama'a, kamar yadda ɗan kasuwa ke jinginar da takardar gida kafin a ba shi bashi. Wanda ya ga haka ya san maganar ba ta fatar baki ba ce.

Masu iya magana sun ce, a gafarce ni, ba a haɗa gudu da susar ɗuwawu. Mai shirin fanfalaki yana kuma neman taimako ya haɗa su, kuma duk wanda ya yi zai gaya maka roƙon ya fi gudun ciwo. Abin da ya sauƙaƙa masa shi ne kuɗin ba ya bi ta hannunsa. Mai bayarwa yana aikawa kai tsaye ga ƙungiyar da aka ambata, sunansa da adadin da ya bayar su fito a jerin da kowa ke iya dubawa, ƙungiyar kuma doka ta tilasta mata ta bayyana lissafinta a ƙarshen shekara. Mai gudu gumi kawai ya bayar, bai riƙe ko dala ba, saboda haka babu mai zarginsa.

Wanda ya fi nuna ƙarfin wannan dabara wani saurayi ne ɗan Kanada, Terry Fox, wanda aka yanke wa ƙafar dama saboda ciwon daji. Ranar 12 ga Afrilu 1980 ya tashi daga gabar gabas ta ƙasarsu da ƙafar roba, yana cin kusan tsawon fanfalaki guda kowace rana, yana roƙon kowane ɗan ƙasa ya ba da dalar Kanada ɗaya tak don binciken cutar. Ya yi kwana 143, ya ci kilomita 5,373, sannan ciwon ya kama huhunsa ya tsaya. Ya rasu a watan Yuni na 1981 yana da shekara 22, bayan an riga an cika adadin da ya nema. A lura da abin da ya roƙa: dala ɗaya daga kowa, don abu ɗaya da ya ambaci sunansa. Bai ce a taimaka wa ci gaban ƙasa ba.

Mu ma an taɓa yi mana gudu, ko da yake yawancinmu ba mu sani ba. Dattawan Kwaya da Bande da Dungas ba su manta da yunwar 1984 ba, wadda aka laƙaba wa suna El Buhari, domin ta haɗu da rufe iyakar da gwamnatin sojan Nijeriya ta yi a watan Afrilu na waccan shekara, hatsi ya daina shigowa, iyakar kuwa ba ta buɗe ba sai 1986. A ranar 25 ga Mayu 1986 mutane kimanin miliyan 20 a ƙasashe da dama suka fito gudu a lokaci guda domin tara wa Afirka kuɗin yaƙi da yunwa, a wani shiri da aka kira Sport Aid. Wani ɗan tseren Sudan, Umar Khalifa, shi ya kunno wutar daga wani sansanin masu gudun yunwa a ƙasarsu, ya ratsa da ita manyan biranen Turai har zuwa hedkwatar Majalisar Ɗinkin Duniya a Niyok. An tara kimanin dalar Amurka miliyan 37. Allah ya saka musu. Amma tun daga wancan lokaci sai muka zauna a matsayin waɗanda ake yi wa gudu, hotunan 'ya'yanmu a ƙirjin rigunan wasu, mu kuwa muna gindin bishiya muna jiran mota ta sauke buhuna.

Alhali kuwa in batun ƙafa ne, wa zai nuna mana? Kakanninmu sun taka daga nan har bakin Bahar Maliya don sauke farali, wasu shekara da shekaru suna hanya. Fatake sun kora jakuna har Gwanja sun dawo da goro. A zamaninmu ma Abdu Manzo ya wakilci Nijar a gudun fanfalaki na wasannin Olamfik har sau uku, a 1988 da 1992 da 1996. Sannan ga abin da muka gani a makwabta a 2015, lokacin da wani matashi ya tako daga Legas zuwa Abuja domin murnar zaɓen shugaban ƙasa, nan da nan tattaki ya zama yayi, wannan ya nufi gidan gwamna, wancan ya nufi gidan sanata, kowa na fatan a sallame shi da ambulan ko babur. Dubi wannan asara! Gumin da zai iya gina ɗakin haihuwa aka kwashe aka zuba a ƙofar wanda ba ya bukatar kome sai kirari.

In kuma batun kyauta ne, a je filin kokowa. Tun da aka fara gasar takobi a Tawa a 1975, babu shekarar da attajiranmu ba su nuna bajinta ba. Ɗan kokowa ya yi kaye, mai shela ya ɗauki lasifika: Alhaji wane ya ba da jika ɗari, Alhaji wane ya ba da babur, wane buhun shinkafa goma. Ban ce a daina ba, ni ma nakan manne da rediyo in Damagaram ta shiga fili. Ina nuni ne da cewa haɗa ƙarfin jiki da kyauta a bainar jama'a ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Gayya ma haka take, samariya kuma a zamanin Kunce ta gina azuzuwa da yawa da hannunta. Abu ɗaya ne ya gagare mu, shi ne mu tara kuɗi don abin da ba na kowa ba, mu kuma san inda suka shiga.

Ina da tabo a kan wannan. Shekarun baya an kira mu taron neman gudunmawar gyaran wasu azuzuwa biyu da iska ta yaye wa rufi, a wani gari da ba zan ambata ba. An yi kiɗa, an yi jawabai, an yanka rago don manyan baƙi. Na ba da abin da ya yi mini nauyi a lokacin, na kuma lallashi wani ɗan kasuwa abokina ya ba da ninkinsa goma. Aka naɗa kwamiti. Damina ta zo ta wuce yara na karatu a rumfar zana, wata ta sake zuwa. Da na tambayi ma'aji, sai ya ce rabin kuɗin alkawari ne ba a cika ba, ragowar kuma an biya makaɗa da hayar kujeru da man motar baƙi. Ko takarda guda bai nuna mini ba, ya ma nuna ɓacin ransa da na tambaya, wai ina zarginsa. Har yau in na je wa abokin nan nawa da maganar taimako sai ya yi murmushi ya ce, “Malam, a gaida rumfar zana.” Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Ba rowa ke hana 'yan kasuwarmu bayarwa ba. Mutane ne masu lissafi, sun gaji da zuba ruwa a kwando.

Bukata kuwa ba sai an tafi nesa neman ta ba. Kowace shekara, daga tsakiyar damina zuwa kaka, zazzaɓin cizon sauro da tamowa suna haɗuwa a kan yaranmu lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Ƙungiyar likitocin nan ta MSF tana aiki a Magarya tun bayan yunwar 2005, kuma a watan Satumba na 2018 ta sanar da cewa a watan da ya gabata ana rasa yara kimanin goma kowace rana a sashen yara na asibitin garin, inda aka kwantar da sama da 700 a lokaci guda. Ma'aikatan lafiya suna ta nanata magana ɗaya: yara da yawa ana kawo su ne a makare. Uwa a ƙauye ta ga jikin ɗanta da zafi, ta jira kwana biyu ko zai sauka, domin kuɗin kabu-kabu ko na amalanke ba ya hannu, maigida kuma ya tafi cin rani. Kafin a iso, jini ya ƙare a jikin yaro. Tun 2006 gwamnati ta ce magani kyauta ne ga 'yan ƙasa da shekara biyar, amma dokar ba ta ɗauko yaro daga ƙauye, ba ta kuma zuba wa motar ɗaukar marasa lafiya mai.

Kada kuma a ɗauka masu yi mana gudu daga nesa za su dawwama. A watan Janairu na 2025 Amurka ta dakatar da yawancin taimakon da take bai wa ƙasashen waje, daga baya ta rushe hukumar da ke raba shi. A watan Fabrairu na shekarar hukumomin Yamai suka umarci ƙungiyar Red Cross ta duniya ta rufe ofisoshinta a ƙasar nan. Kowa na da ra'ayinsa kan waɗannan matakai, ba shi ne zancena ba a yau. Zancena shi ne mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma duk mai kiran diyaucin ƙasa da baki ya kamata ya yarda cewa man motar asibitin garinsa ma yana cikin diyaucin.

Ga abin da nake ganin zai yiwu. A sa rana guda a cikin sanyi, wajen watan Janairu, a tashi bayan sallar asuba kafin rana ta yi zafi, a kuma duba kada ranar ta faɗa cikin azumi, tun da kowace shekara yana matsowa da kwana goma sha ɗaya. Masu ƙarfi, samarin fada da malaman lakwal da 'yan kokowa da ma'aikatan da tumbi bai rinjaya ba, su ɗauki cikakken tsawon. Saura su yi kilomita goma ko biyar, dattawa su taka abin da za su iya. Wanda zai yi gudu a Janairu dole ya fara shiri a Satumba, wato daidai lokacin da gadajen asibiti suka cika, saboda haka ba sai ya yi dogon bayani kan abin da ya fito da shi ba. Kowane mai gudu ya riƙe takarda ya zaga kasuwa. Ba za a ce wa Alhaji ya kawo miliyan ba, a ce masa dala ashirin kan kowane kilomita da yaron nan ya ci. In ya kammala, jika huɗu da dala arba'in ke nan. Mutum 500 suka yi haka an sami sama da miliyan biyu, kuma wanda ya sa kuɗinsa a kan ƙafar wani zai fito da kansa ya tsaya bakin hanya ya ga ko an cika.

Manufa kuwa ɗaya tak, a ambace ta tun kafin a karɓi dala ta farko: kuɗin ɗauko yara marasa lafiya daga ƙauyuka a watanni huɗun wahala. A ranar gudun kuma a kafa tebur a rubuta sunayen masu niyyar ba da jini da rukunin jininsu da lambar salularsu. Ba a ranar za a ɗiba ba, domin jini ba ya wuce mako biyar zuwa shida a ajiye. In Agusta ta zo sai a kira su.

Wa zai riƙe kuɗin? A nan ne nake so maza su sauke girman kai su je makaranta wurin mata. Tun 1991 aka fara ƙungiyoyin Mata Masu Dubara a jahar Maraɗi, tsarin da ya bazu har ƙasashe masu yawa. Akwatin ƙarfe ne mai kwaɗo uku, makullai a hannun mata uku dabam-dabam, akwatin a ɗakin ta huɗu, ba a buɗe shi sai a gaban kowa, a ƙidaya da ƙarfi kowa na ji. Matan da yawancinsu ba su taɓa shiga aji ba sun warware matsalar da ta gagari kwamitocinmu masu shugaba da mataimaki da magatakarda da hatimi. A ɗauki wannan tsari yadda yake. Makulli guda wurin 'yan kasuwa, guda wurin ƙungiyar mata, guda wurin wanda limamai suka amince da shi. Ma'aikacin gwamnati ya riƙe littafi da alƙalami, tun da shi ya iya, amma kada kuɗi ya kwana a aljihunsa, don kare mutuncinsa ne ma. Kowace ranar kasuwa a manna lissafi a bango, a karanta shi a gidan rediyon gari: mota ta tafi ƙauye kaza ranar kaza, an sha lita kaza. Prefe da hukumar gari su ba da izini da jandarmomin tsaron hanya, a gode musu. Hoton ɗan siyasa kada ya hau rigar kowa, makaɗi kuma duk mai son sa ya biya shi daga aljihunsa.

Na san za a ce wannan riya ce, sadaka ta fi kyau a ɓoye. Malamanmu sun karantar da mu cewa ta ɓoye ta fi lada, sun kuma karantar da mu cewa ta bayyane halas ce, musamman in za ta zaburar da wasu. Wanda ba ya son a ji sunansa a rubuta “wani bawan Allah”, amma adadin dole ya fito. Sunan mai bayarwa ake sakayawa. Inda kuɗin jama'a ya shiga kuwa, duk wanda ya ce a rufe shi saboda tsoron Allah, to a ƙara sa masa ido.

Za a kuma ce wannan aikin gwamnati ne, muna biyan haraji da patanti, don me za mu ɗauke mata nauyi. Wannan magana ta fi ta farko ƙarfi, kuma ban raina ta ba. A Ingila ma ana sukar tsarin: ƙungiyoyi na sayen gurabun gudu da tsada sannan su ɗora wa mai gudu adadin da dole ya tara, cututtukan da suka yi suna su kwashe kaso mai tsoka, waɗanda ba a san su ba su tashi a tutar babu. Gudun yini guda ba zai biya albashin likita ba, ba zai gina asibiti ba, kuma duk hukumar da ta ce tun da kun iya sai ku ci gaba, ta ci amanarmu. Sai dai ni abin da na lura da shi shi ne, jama'ar da ba ta taɓa neman lissafin jika ɗari na kwamitin unguwarta ba, ba za ta iya neman lissafin miliyoyin ƙaramar hukuma ba. Ɗan kasuwar da ya saba tsayawa gaban bango ranar kasuwa yana duba litar mai nawa aka sha da kuɗinsa, wata rana zai taka zuwa ma'aikatar magajin gari ya tambayi inda harajin rumfarsa ya tafi, kuma zai san irin takardar da zai ce a nuna masa.

Na kai wa abokina ɗan kasuwar nan wannan shawara kafin in rubuta ta. Ya saurara har na gama, ya tambaye ni ko ni ma zan yi gudun. Na ce gwiwata ba za ta wuce kilomita biyar ba. Ya ce to ya ji, zai sa mini jika guda kan kowane kilomita, amma ba zai biya ba sai ya ga kwaɗo ukun da idonsa, kuma makulli ɗaya uwargidansa ce za ta riƙe.